Rasuwar Uwarɗaki, Tirelar Zangon Gidan Dakta Ashafa

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma miƙa wuya ga abin da aka ƙaddara, iyalan Dakta Abdulwahidu Ashafa na hawa na goma sha huɗu, Danau Kota, Setapak, suna sanar da 'yan uwa, abokan arziki da ɗaukacin 'yan Nijeriya mazauna Kuala Lumpur rasuwar tirelarsu ta zuwa zango, wadda aka fi sani da Uwarɗaki. Ta rasu ranar Lahadin da ta gabata, tsakanin azahar da la'asar, a wani rafi can cikin Hulu Langat, bayan doguwar jinyar tsatsa da gajeriyar haɗuwa da ruwa. Ta bar duniya tana da shekara tara, uku daga ciki a hannun wannan gida.

Ga waɗanda ba su yi mata farin sani ba, kada kalmar tirela ta sa su hango irin masu dakon siminti a hanyar Zariya. Marigayiyar ƙarama ce, taya biyu gare ta, ba ta da inji, sai an ɗaura ta a bayan mota an ja. A kan titi akwati ce kawai mai ruwan ƙasa, wadda ba mai kallonta sau biyu. In an isa daji aka buɗe ta kuwa, sai ta zama ɗaki da rumfa da kicin, ta kwanar da mutum huɗu, ta ciyar da goma.

Wadda rashin ya fi taɓawa ita ce matar gidan, Raudatu, wato Maman Bilqis, domin ita ta zaɓe ta, kuma ita ta sake ta. Saboda haka iyali suka ga ya dace a faɗi yadda aka yi, don masu zuwa gaisuwa su rage tambaya.

Raudatu ta biyo mijinta ƙasar nan shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin da ya zo karatu, kafin jami'a ta riƙe shi yana koyar da ilimin ƙasar noma. A gida mai faffaɗar tsakar gida ta tashi, inda ake girki a murhu kaji na kai-kawo. A nan kuwa baranda ta samu, wadda in an shanya zani biyu ta cika. Ba ta yi ƙorafi ba sai da kullen korona ya zo, ta yi wata da watanni ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba. 'Ya'yanta biyu, Bilqis da ƙanwarta Bintu, kowace na ɗaki da allo a gabanta. In ta yi musu magana da Hausa, amsa ta dawo da Turanci, in ma ta dawo.

Da aka buɗe gari ta ce wa mijinta, "Abban Bilqis, so nake in hura wuta a ƙasa, in waiga in ga yarana a zaune kusa da ni."

Ya ce, "To mu je Port Dickson mu kama otal."

Ta ce, "Otal ma bene ne."

An fara gwada tanti, wanda aka aro wajen maƙwabcinsu Gamaliel, mutumin Kafanchan da ke karatun injiniya. Ruwan Malesiya ya shigo ta sama, ya shigo ta ƙasa, ya tafi da takalmin Dakta ƙafa ɗaya. A hanyar dawowa aka yanke shawarar a nemi ɗakin da yake tsaye a kan taya.

Dakta ya ɗauki aikin neman yadda yake ɗaukar binciken jami'a. Wata huɗu yana karatu. Ya gano cewa ba a sayen tirelar da ta fi ƙarfin motar da za ta ja ta, cewa cikinta ya kamata ya yi nisa da ƙasa don kada dutse ya fasa tankin ruwa, cewa in tayarta ta zo ɗaya da ta mota an huta da ɗaukar safaya iri biyu. Duk wanda ya gaisa da shi bayan sallar Juma'a a waɗannan watanni ya san bambancin sifirin mai ganye da mai murɗi, ko ya so ko bai so ba. A ƙarshe ya tace guda uku, aka fita gani.

Ta farko sabuwa ce fil, fara, a wani shago mai gilashi. Tana da firji, tana da shawa, tana da fitilu har a ƙarƙashinta. Duk abin da Dakta ya tambaya, mai shagon sai ya ce, "Boleh, boss," wato za ta iya. Za ta hau dutse? Boleh. Za ta tsallake rafi? Boleh. Raudatu ta nuna masa motarsu ta taga, ta ce wannan za ta iya janta? Mutumin ya daɗe yana kallon motar, sannan ya tambaya ko za su sha shayi.

Ta biyu sakayau ce, kusan duk tamfol. Raudatu ta sa Bintu ta shiga ciki, ta nemi a ba ta tiyon wanke mota, ta sakar wa tirelar ruwa a ka na minti biyu. Bintu ta fito tana matse hijabi. Ba a tsaya dogon sallama ba.

Ta uku ita ce marigayiya. A Gombak aka same ta, a gefen gidan wani tsohon safiyo mai suna Pak Cik Hamdan, wanda gwiwa ta hana shi shiga daji. Fentinta ya koɗe, ƙofarta ta hagu tana da lotsawa, kuma ƙadangare ya riga kowa tarewa a ciki. Dakta ya shiga ƙarƙashinta da tocila da ma'auni. Raudatu kuwa ta buɗe jakar bakko ta fito da tukunyar tuwonta da muciya. Ta jawo kicin ɗin, wanda yake fitowa daga gefe kamar durowa, ya yi ƙiiiiƙ, sautin da iyali suka ji a ranar a karon farko. Ta ɗora tukunya a kan risho, ta tsaya, ta juya muciya a cikin iska sau biyar. Risho bai motsa ba, bayanta bai sunkuya ba. Ta shimfiɗa darduma a ƙarƙashin rumfa ta ga ta shiga har da saura. Ta duba inda 'yan mata za su sauya kaya ba a gan su ba. Sannan ta ce kowa ya ja baya, ta buɗe ɗakin ita kaɗai, ta kafa, ta naɗe, don ta san ko mace ɗaya za ta iya kafin hadari ya sauko.

Pak Cik Hamdan ya kalli wannan duka. Da ya tashi nuna yadda ake ɗaura tirela a mota da yadda ake kwance ta, bai kira Dakta ba, wanda har lokacin ƙafafunsa kaɗai ake gani. Raudatu ya kira. Ya nuna mata yadda ake sauke 'yar tayar gaba a murɗa ta har nauyi ya tashi daga kan mota, yadda ake cire sarƙa biyu da wayar fitila, yadda ake zare fil a ɗaga hannun makulli. Ya sa ta maimaita sau uku.

Dakta ya fito yana kakkaɓe riga ya ce, "Rauda, akwai 'yar tsatsa a gindin sifirin na hagu."

Ta ce, "Ni ma akwai a gwiwata. Ita za mu ɗauka."

Matar Gamaliel, Agnes, ita ta raɗa mata suna. Ta gan ta ranar da aka kawo ta, ta zagaya ta, ta ce, "Maman Bilqis, ai wannan ba ɗaki ba ce, uwar ɗaki ce." Sunan ya bi ta har ƙarshe.

Iyali suna shaida cewa marigayiya ta yi rayuwa ta hidima. Ba ta taɓa wuce motar da ke janta ba, kuma ba ta taɓa ƙin binta ba. Ta je Janda Baik ya fi sau goma. Ta je Kuala Kubu Bharu, ta hau Cameron Highlands inda sanyi ya sa Dakta ya kwana da hula biyu, ta ga teku a Mersing ba ta ruɗe ba. Ta ɗauki ruwa lita tamanin, garin semo, daddawar da aka aiko daga gida, man ja, kujeru, da littattafan Dakta da bai taɓa buɗewa a daji ba. Birai sun shiga kicin ɗinta sau biyu, ta haƙura. Mai magana ce, amma ba mai surutu ba. In an hau tudun rage gudu ta ce gwaram. In an sha kwana ruwan cikinta ya ce kwal-kwal. Famfonta yana ɗis, ɗis, ɗis komai yadda aka matse shi, har Bintu ta daina iya barcin rana in ba ta ji shi ba.

Tana da aibi ɗaya, kuma gaskiya ta sa a faɗa: ba ta son ribas. In Dakta ya karya sitiyari dama ta yi hagu, in ya karya hagu ta naɗe ta leƙo shi ta taga. An taɓa tsayar da layin motoci a gaban wani shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, na minti ashirin, masu cin gurasar roti suna ba da shawara da harshe uku. Tun daga ranar, in an zo wurin ribas, Dakta sai ya tuna yana da kira mai muhimmanci, Raudatu ta zagayo ta karɓi sitiyari.

Babban abin da iyali ba za su manta mata ba shi ne ta san wuraren da waya ba ta kamawa. A tafiyar farko Bilqis, wadda lokacin take shekara goma sha biyu, ta hau kan dutse ta ɗaga waya sama ta ce, "Ummi, no signal, seriously?" Ta yini ba ta kula kowa ba. Kashegari da hantsi ta shiga ciyawa, matsattsaku ya kama ta a ƙafa, sai ga ta da gudu tana cewa, "Wayyo Allah Ummi, cire min, cire min!" da Hausa tsantsa, irin ta cikin ganuwa, wadda ba wanda ya san tana da ita. Raudatu ta zuba gishiri a kan abin, ta juya baya don kada a ga fuskarta. A tafiye-tafiyen da suka biyo baya, a gaban wannan risho Bilqis ta koyi talge da tuƙi. A nan ta fara tambayar yadda kakarta take tana yarinya. A nan ne kuma wata safiya, suna wanke kwanuka, ta faɗa wa uwarta cewa a makaranta ana tambayarta ita 'yar ina ce, in sun je Kano hutu ma ana tambayarta haka, kuma ta gaji. Raudatu ta saurare ta har ƙarshe. Ta miƙa mata kwano ta ɗauraye, suka ci gaba, amma daga ranar yarinyar ba ta ƙara rufe ƙofar ɗakinta a Danau Kota ba.

Ciwon ajali ya fara bayyana bara. Tsatsar da Dakta ya gani tun farko ta yi ta ci gaba a ɓoye, don ƙasar nan ba ta barin ƙarfe ya bushe. Marigayiya ta fara karkata hagu in an yi mata lodi, ta ƙaro wani sabon sauti, ƙyas-ƙyas, a kan hanya marar kwalta. Gamaliel ya duba ta ya fito ya ce, "Oga Dakta, a gaskiya jikin nan ba daɗi. Walda za ta riƙe, amma ba har abada ba." An yi walda sau biyu. Dakta ya kawo maganar a rabu da ita tun tana tsaye da ƙafafunta, Raudatu ta ce ba a sallamar mai hidima don ta tsufa. Aka bar maganar.

Ranar Asabar aka tafi Hulu Langat, wani zango da sai an tsallake rafi ta kan 'yar gadar siminti wadda ruwa ke bi ta kanta, iya idon sawu. Gamaliel da Agnes suna tare da su a tasu motar. Ranar Lahadi an ci dafa-duka, an yi azahar, rana tana nan fes a inda suke, amma can saman tsauni sama ta yi baƙi. Ana cikin naɗe kaya mai zangon ya iso a babur yana ɗaga hannu, yana cewa ruwan tsauni na tafe, kowa ya haye yanzu-yanzu.

Gamaliel ya haye. Da Dakta ya shiga, ruwan ya riga ya koma kalar koko, gefen gadar ba ya ganuwa. Mota ta kusa kaiwa tudu sai aka ji gwaram, mai ƙarfin da ba a taɓa ji ba. Tayar hagu ta marigayiya ta zame daga kan siminti, sifirin da aka yi wa walda ya karye, ta durƙusa da gefe ɗaya a cikin ruwa. Dakta ya taka totur, tayoyin mota suka yi ta juyi a wuri ɗaya. Ya sake takawa. Bayan motar ya fara karkacewa yana bin inda tirela ke jansa. Bintu ta fara kuka.

Ya ce, "Bari in ƙara sau ɗaya, za ta fito."

Raudatu ta ce, "Abban Bilqis, yaran suna cikin mota. Taka birki, kada ka ɗaga ƙafa."

Kafin ya yi magana ta buɗe ƙofa ta sauka. Ruwan ya kai mata gwiwa, da sanyi, da ganye da ƙirare a cikinsa. Ta dafa jikin mota har ta kai baya. Ta sauke 'yar tayar gaba ta hau murɗawa, hannun murɗin yana nutsewa yana fitowa. Ta fizge wayar fitila. Sarƙa ta farko ta fita, ta biyu ta ɗaure tam saboda ja, sai da ta ƙwala wa mijinta kira ya saki birki kaɗan motar ta ja baya taki ɗaya. Agnes tana can tudu tana ihun sunanta. Ruwan ya kai cinya. Ta zare fil, ta ɗaga hannun makulli da hannu biyu, ta ji nauyin ya rabu da mota. Ta ce daga baya abin da ya tsaya mata a rai shi ne ta dafa murfin kicin kafin ta juya, kuma ƙarfen yana da ɗumi har lokacin.

Gamaliel ya shigo ruwa ya miƙo mata hannu, motar ta haye, suka haye. Ba a yi minti uku ba ruwan gaske ya iso da kututture da gora. Marigayiya ta ɗan tsaya kamar mai jiran a dawo a ɗauke ta. Sannan ta juya a hankali ta bi rafi. Sautinta na ƙarshe shi ne na tukwane da murafai suna karo a cikinta, kwaram-kwaram, har kwana ta ɓoye ta.

A kan tudun, Dakta ya cire rigarsa ta sama ya yafa wa matarsa, sannan ya ce, a gaban kowa, "Da ni aka biye wa, da mu duka ke cikin kwanar can." Raudatu ta ce a ba yara ruwa su sha.

Bayan kwana uku wani manomi ya kira, ya ga lambar waya a wata takardar manne da Bintu ta taɓa liƙawa a ƙofa. A gonarsa ta ayaba aka sami gawar, a kife, cike da yashi, taya ɗaya tana kallon sama. Ya yi ta'aziyya, ya kuma nemi a zo a ɗauke ta da wuri.

Marigayiya ta rasu ta bar motar da ta ja ta shekara uku, wadda har yanzu ƙugiyarta ke baya ba kowa a kai. Ta bar tukunyar gas, wadda aka sa a but saboda sauri, da kujeru uku cikin huɗu, da sandar rumfa ɗaya wadda ba a san abin da za a yi da ita ba. Ta bar muciya, domin tana hannun Bintu a lokacin, kuma an sha wuya kafin ta saki. Ta bar mukulli biyu a jakar Raudatu. Tukunyar tuwo ta bi ta, haka ma littattafan Dakta, ba a buɗe ba. An sanar da Pak Cik Hamdan ta waya. Ya tambaya ko kowa ya fita lafiya, aka ce masa e, ya tambaya wa ya kwance ta, aka faɗa masa, ya ce to shi ke nan.

An tuntuɓi malamai, sun tabbatar ba a yi wa ƙarfe salla, don haka za a taƙaita. Ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe tara na safe motar ɗaukar kaya za ta ɗauko gawar daga gonar ayaba zuwa filin 'yan gwangwan da ke bayan Setapak, inda za a yanka ta a auna. Masu son rakiya su haɗu a shagon mamak na ƙasan bene da ƙarfe takwas, kowa ya karya kafin a tashi. Za a zauna karɓar gaisuwa a gida daga bayan la'asar har magariba, maza a falo, mata a ciki. Akwai shayi da cincin daga hannun Agnes, kuma Bilqis ta ce za ta yi tuwo, wanda bai samu wurin zama ba a yi masa tapau, wato a ƙunsa masa, ya tafi da shi. Ana roƙon jama'a kada su turo wa Dakta hotunan sababbin tireloli, domin ya riga ya fara karatu, kuma kada a tambayi Maman Bilqis ko za a sayi wata. Ta ce a bar ta ta ga an ɗauke wannan tukuna.

Za ta bi gawar har filin, za ta kuma miƙa mukullan da hannunta. Alfarma ɗaya ta roƙa wajen mai yankan ƙarfe, cewa kada ya kunna injinsa sai ta shiga mota ta ɗaga gilashi. Ya ce boleh.